Kwangilar Haɗin Gwiwa a Aikin Titi: Me Ke Hana Ta Tafiya a Ƙasashenmu?

Ranar da editan wannan mujalla ya tare ni a bakin laburare ya ce lallai sai na kawo rubutu, ce masa na yi ni fa ɗan sashen ƙididdigar gine-gine ne, lissafin siminti da rodi na sani. Ya ce to ai shi ke nan, rubuta mana abin da ka gano a shekarar IT. Da na zauna na yi tunani, sai na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan shekarar wata fadama ce da ke kilomita na bakwai a wani titin karkara da muka yi aiki a kai. Bari in fara da ita, domin duk bayanin da zan yi daga cikinta ya fito.

Abin da ya faru a fadama

Zanen aikin ya nuna a share wurin a zuba marmara, a daddanne, a wuce. Ranar da gireda ta fara taɓa wurin, sai ga baƙar laka mai danƙo, irin wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani. Fomanmu wani dattijo ne da ya fi shekara talatin a aikin hanya. Ya durƙusa ya ɗibi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya girgiza kai ya ce wannan ba za ta riƙe titi ba, sai an kwashe ta an zuba dutse, kuma kwalbati ɗaya da ke zane ba zai ɗauki ruwan wurin ba.

Ni da zumuɗin sabon shiga na ce, "Baba, to gobe ai akwai taro da injiniyan ma'aikata, sai a faɗa masa mana."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Yaro, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka bari manya su rubuta wasiƙa."

Washegari aka yi taro, aka sha shayi, aka yi maganar tifofi da ƙura, ba wanda ya ambaci fadama. Injiniyan ma'aikatar kuwa ya ga lakar da idonsa, da mu aka taka wurin. Bayan kusan mako uku kamfani ya aika wasiƙa cewa ya tarar da ƙasar da ba a nuna masa ba, don haka yana neman ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci. Aka amsa masa da cewa ai an ba shi damar duba wurin kafin ya yi tayi. Ni ne mai jera wasiƙun a fayil, don haka na karanta su duka. Babu wadda ta yi maganar yadda za a gyara wurin, kowacce ƙoƙarin nuna wa zai biya take yi. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, na biyu ya tafi da cikon da aka fara. Ƙauyuka uku da ke hayin fadamar suka ƙare daminar nan suna fito da kaya a ka, marasa lafiya kuma a amalanke, alhali kafin mu taɓa wurin akwai tsohuwar hanyar burji da ake lallaɓawa da ita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin mutanen nan. Kowa ya yi abin da takardar kwangila ta koya masa ne.

Yadda kwangilar da muka saba take

Tsarin da muka gada kowa a sashenmu ya san shi. Ma'aikata ta sa a yi zane, a fitar da ƙididdigar aiki, a buga talla, kamfanoni su kawo farashi, a ba ɗaya. Wanda zai gina titin ba shi da baki a zane, sai an gama komai ake kiransa. Daga ranar da aka sa hannu, duk nairar da ta ƙaru a kan aikin dole ta fito daga aljihun ɗayansu. Saboda haka duk matsalar da ta ɓullo, tambayar farko ita ce laifin wa, ta biyu ita ce yaya zan kare kaina. Hatta sharuɗɗan FIDIC na 1999, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a ayyukan da bankunan raya ƙasa ke ba da rance, sun ba ɗan kwangila kwana 28 ya sanar da buƙatarsa ta ƙarin kuɗi ko lokaci, in ya wuce ya yi asara. An sa wannan ne don a san matsala da wuri, amma a aikace sai ya koma tseren kafa hujja.

To mece ce kwangilar haɗin gwiwa?

Mafi sauƙin misali shi ne turkar rago. Mai kuɗi ya sayi rago, mai kiwo ya turke, a yi yarjejeniya cewa bayan an cire kuɗin saye da na dusa da harawa, riba a raba. Ranar da ragon ya daina cin abinci, mai kiwo ba zai ɓoye ba, da gudu zai je ya faɗa, domin in ragon ya mutu har da wahalarsa ta tafi. Mai kuɗin ma ba zai tsaya neman mai laifi ba, magani zai fara saya.

Haka ake so aikin titi ya zama. Ana kiran ɗan kwangila tun ana zane, ya kawo abin da ya sani na ƙasa da injina. Sai a zauna tare a tsayar da kuɗin da ake sa ran aikin zai ci. A ce naira biliyan 1. Kamfani zai buɗe littafinsa, a riƙa biyansa ainihin abin da ya kashe da ɗan kaso na riba. In an gama a miliyan 900, rarar miliyan 100 a raba bisa kason da aka amince. In aikin ya kai biliyan 1 da miliyan 100, asarar ma a raba. Sannan akwai wajibcin gargaɗin wuri: duk wanda ya hango abin da zai ƙara kuɗi ko ya jawo jinkiri, dole ya faɗa nan take a zauna a nemi mafita, wanda ya yi shiru kuma shi zai ji a jikinsa. Da irin wannan takarda muke aiki da ita, da Baba foman shi zai fara ɗaga hannu a taron nan.

Wannan tsari yana da tarihi. A Ingila rigingimun kwangila sun yi yawa har aka sa Sir Michael Latham ya binciki harkar gine-gine, rahotonsa ya fito a 1994, na Sir John Egan ya biyo baya a 1998, dukansu suna kira a bar zaman doya da manja tsakanin mai aiki da ɗan kwangila. Ƙungiyar injiniyoyin ƙasar ta fitar da sharuɗɗan NEC a 1993, waɗanda daga baya aka sa a sashensu na farko cewa wajibi ne ɓangarorin su yi aiki bisa amana da haɗin kai. Kamfanin mai na BP ya gwada tsarin ƙawance a rijiyar Andrew da ke Tekun Arewa a shekarun 1990, aka gama kafin lokaci kuma ƙasa da kuɗin da aka tsayar. Ostireliya ta ɗauki tsarin ta yi ayyukan tituna da na ruwa da dama da shi. Bayan girgizar ƙasar 2011 a birnin Christchurch na Niyuzilan, hukumomi da kamfanoni biyar ne suka haɗu a ƙawance ɗaya suka sake gina tituna da bututan birnin. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta sa NEC cikin sharuɗɗan da aka yarda a yi ayyukan gwamnati da su.

To in abin yana da kyau haka, me ya sa bai kama ƙasa ba a Najeriya da sauran ƙasashe masu tasowa? Ga abin da na fahimta daga aji da kuma daga fili.

Na farko: biya ba ya zuwa a kan lokaci

Duk ginin haɗin gwiwa a kan abu ɗaya yake tsaye, wato ka kashe yau a biya ka a ƙarshen wata. Dokar sayayya ta gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da aikin, jinkiri ne, kuma ruwa zai hau kansa. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a ofishin kamfanin hanya. Satifiket yakan yi watanni yana yawo daga tebur zuwa tebur. Dalilin a bayyane yake: ana ba da aikin da zai ci shekara huɗu, amma kasafin kuɗi na shekara ɗaya ne, abin da aka ware kaɗan ne, abin da ake saki kuma bai kai wanda aka ware ba. Kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa ayyukan tarayya 11,886 ne ba a kammala ba.

Yanzu ku sa kanku a matsayin ɗan kwangila. Ka ci bashin banki da ruwa mai tsada ka sayi man gas da kwalta, kana bin gwamnati kuɗin wata takwas, sai a ce maka zo mu raba riba da asara kamar 'yan'uwa. Wa zai yarda? Abin da yake yi tun farko shi ne ya cusa kuɗin jiran a cikin farashi, ya karɓi kafin alƙalami, ya riƙa tafiyar da aiki daidai gwargwadon abin da ya shigo hannu. Ni a ganina wannan ce uwar matsalolin, sauran duk 'ya'yanta ne ko maƙwabtanta.

Na biyu: doka ta fi son mai araha

Dokar 2007 ɗin nan, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a ba da aiki ga wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi ƙasa. An yi ta da kyakkyawar niyya, don a toshe ba da kwangila ga ɗan'uwa da abokin siyasa. Irin wannan doka ce a ƙasashen Afirka da yawa, domin kusan lokaci ɗaya aka yi gyare-gyaren, da shawarar Bankin Duniya. Sai dai haɗin gwiwa yana buƙatar ka zaɓi abokin aiki tun ba a gama zane ba, lokacin da babu cikakken farashin da za a gwada. Ana duba ƙwarewar mutanensa ne, da tarihin ayyukansa, da yadda yake warware matsala. Jami'in da ya yi haka a ƙarƙashin dokarmu sai ya yi dogon bayanin abin da ya sa ya tsallake mai araha.

Araha kuwa ba ta ado. Wani kamfanin da gangan yake karya farashi ya karɓi aikin, yana sane cewa zanen yana da giɓi, da niyyar ya fanshe a sauye-sauyen da za su biyo baya. Wanda ya shigo da wannan lissafin, fadama irin tamu ai kasuwa ce ta buɗe masa.

Na uku: kusanci yana kama da haɗin baki

Wannan ita ce ta fi ba ni tausayi. A tsarin haɗin gwiwa, injiniyan gwamnati da na kamfani ofis ɗaya suke zama, su yanke shawara tare, wani lokacin a tsaye a bakin rami. A wurinmu kuwa, injiniyan da aka ga ya cika shiga motar ɗan kwangila, an gama yanke masa hukunci a gari. In ya amince da ƙarin aiki na gaskiya, bayan shekara biyar mai binciken kuɗi ko EFCC ko ICPC na iya kiransa, lokacin fadamar tana ƙarƙashin kwalta, ba mai iya ganin lakar. Saboda haka mai gaskiya ma ya gwammace kada ya sa hannu. Ya tura sama, na sama ya tura sama. Injiniyan da muka yi aiki da shi ya taɓa ce mini, "Ƙanena, ba a taɓa korar mutum don ya ce a jira umarni ba."

Kuma in za a faɗi gaskiya, zargin bai faɗo daga sama ba. Kashe-mu-raba tsakanin jami'ai da 'yan kwangila abu ne da ya faru sau da yawa, jama'a ba su manta ba.

Na huɗu: wanda ke fili ba shi da iko

Sharuɗɗan NEC sun ɗaure manajan aiki da wa'adi na makonni ƙalilan ya amsa duk buƙatar da aka kawo, in ya yi shiru bayan an tunatar da shi, ana iya ɗauka ya amince. Wannan yana yiwuwa ne inda mutumin da ke fili yake da ikon cewa e ko a'a. A wurinmu ƙarin kuɗi a babban aikin tarayya sai ya bi ta darakta, babban sakatare, minista, BPP, wani lokacin har majalisar zartarwa. Damina kuwa ba ta san wannan layin ba. Watanninmu na aikin ƙasa ƙididdigaggu ne, daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa. Takardar da ta kwana wata uku a hanya ta cinye rabin shekarar aiki.

Ga kuma sauyin gwamnati. Amana tsakanin mutane ake gina ta, to yau an saba da wannan kwamishina ko minista, gobe an kawo wani da nasa ra'ayin a kan zane, ko kwalta ko kankare, da nasa ayyukan da yake son a gani kafin zaɓe.

Na biyar: farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya

Kuɗin da aka tsayar tare shi ne ma'aunin riba da asara. To yaya za a yi in ma'aunin kansa yana motsi? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Kwalta daga waje muke sayo mafi yawanta duk da arzikinta da ke kwance a jihar Ondo. Kayan gyaran katafila da rola duk da dala ake sayensu. Farashin da aka amince da shi a Janairu kan zama labari kafin Disamba, kuma ba ƙwazon kamfani ko sakacinsa ne ya jawo ba.

Ku dubi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wadda yawancinmu muke bi. Tsawonta kimanin kilomita 375. An ba da aikinta a Disambar 2017 a kan kusan naira biliyan 155. A Maris 2021 aka mayar da kuɗin biliyan 797 bayan an sauya aikin daga gyara zuwa sake gini gaba ɗaya. A Nuwambar 2024 ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna bayan ta kasa daidaitawa da kamfanin a kan farashi. Ba ina cewa wane ne mai gaskiya ba. Abin lura shi ne girman aikin da farashinsa duk sun sauya bayan an sa hannu, aka yi shekaru ana ja-in-ja, matafiya kuma suna kan hanyar kullum.

Na shida: buɗe littafi sai mai littafi

Biyan ainihin abin da aka kashe yana nufin kowace lita ta man gas da kowace tifar yashi tana da rasit, kuma akwai wanda ya iya bincika ta. A filin da na yi aiki, yashi daga hannun masu haƙa a rafi ake saye, leburori kullum ake sallamarsu da kuɗi a hannu, mai tifa kuma ba ya ba da takarda. Ƙananan kamfanoninmu da yawa haka suke tafiya. Wasu kuma ba sa son buɗe littafin saboda haraji, ko saboda akwai kuɗaɗen da aka kashe waɗanda ba sa rubutuwa. A ɓangaren ma'aikata ma, masu ƙididdigar da za su zauna su tantance waɗannan takardu duk wata ba su da yawa. Mu kanmu a nan makaranta, awa nawa muka yi a kan auna aiki da fitar da farashi, awa nawa kuma a kan sasanta rikici ko raba haɗari? Ni dai sai a HND na fara jin sunan NEC.

Na bakwai: masu ƙasa suna waje

Ko gwamnati da kamfani sun haɗa kai, akwai na uku. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, don haka titin tarayya ma sai an bi ta jiha wajen diyyar gonaki da gidaje. In diyya ta makale, mutanen gari su tare hanya, injina su tsaya, kuɗin hayarsu yana tafiya. Ga turakun wuta da bututan ruwa da wayoyin sadarwa, kowanne da hukumarsa. Sannan mutanen gari sun san abin da zane bai sani ba. Daga baya wani manomi ya nuna mana inda ruwa yake kaiwa a jikin wata tsamiya duk shekara. Da masu zane sun zauna da mai unguwa na awa ɗaya, da kwalbatin nan bai zama ɗaya ba.

Wata hujja da ba zan ɓoye ba

Da na kawo wannan magana a aji, wata abokiyar karatunmu ta ce ita fa ba ta yarda ba. Ta ce a ƙasar da ake fama da cin hanci, katangar da ke tsakanin jami'i da ɗan kwangila ita ce ɗan abin da ya rage yana kare dukiyar jama'a. In ka ce a biya kamfani duk abin da ya kashe, kuma su biyun su tsayar da farashi a ɗaki, ai ka ba kura ajiyar nama. Su kumbura kuɗin tun farko, su gama ƙasa da shi, su raba rarar da sunan ƙwazo, kuma doka ta wanke su.

Maganarta gaskiya ce, kuma ko a ƙasashen da suka ƙware an yi wannan ƙorafi, shi ya sa suke kawo mai ƙididdiga mai zaman kansa ya tantance farashin. Amsar da na iya ba ta ita ce katangar da muke da ita yanzu ba ta hana ɓarawo ba, mai gaskiya ta fi hanawa magana. Amma na yarda da ita cewa in aka kwafo tsarin Ostireliya dungurungum aka dasa a inda ba a biya a kan lokaci kuma ba a bincike, abin da zai fito zai fi na yanzu muni.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an jira komai ya gyaru ba. Akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka. Taron gargaɗin wuri duk mako biyu, da rajistar matsalolin da ake hange wadda kowane ɓangare zai sa wa hannu, ana iya sa su a kowace kwangila. Wannan rajista kariya ce ga injiniyan gwamnati, domin ranar da mai bincike ya zo zai tarar da hoto da kwanan wata da sakamakon gwajin ƙasa. Ana iya ba injiniyan fili ikon amincewa da sauyi har zuwa wani ƙaramin kaso na kuɗin aikin, a buga duk abin da ya amince da shi kowa ya gani. Ana iya naɗa kwamitin sasanci na mutum ɗaya ko uku tun ranar farko, kamar yadda sharuɗɗan FIDIC suka tanada, maimakon a jira sai an kai ga kotu.

Ta fuskar kuɗi, mun ga abin da ya yi aiki. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, an keɓe shi ga ayyukan tituna 25, kuma saboda kuɗin a killace yake ba a cakuɗa shi da sauran kasafi ba, biyan waɗannan ayyuka ya fi tafiya daidai. Irin waɗannan ayyuka masu tabbataccen kuɗi su ya kamata a fara gwajin haɗin gwiwa a kansu, a matsakaicin titi guda ɗaya ko biyu, a buga sakamakon ko ya yi kyau ko bai yi ba. Akwai kuma kwangilar da ake biyan kamfani bisa lafiyar titin na tsawon shekaru, wadda aka gwada a titunan karkara na jihar Kaduna ƙarƙashin shirin RAMP na Bankin Duniya. Wanda ya san shi zai riƙe titi shekaru bayan ya gina, ba zai binne laka a ƙarƙashinsa ba.

Mu kuma fa?

'Yan'uwa, shekara biyar ko goma masu zuwa, waɗansunmu suna ma'aikata, waɗansu suna kamfani. Wanda kuke cin garau-garau tare da shi a bakin hostel yau, gobe shi ne zai zauna a ɗaya gefen tebur. Ba mu da ikon sakin kuɗin kasafi, ba mu da ikon tsayar da dala. Amma muna iya koyon karanta sharuɗɗan kwangila kamar yadda muke koyon karanta zane, muna iya saba wa kanmu da rubuta komai da ajiye rasit, kuma muna iya roƙon sassanmu, ta hannun wannan ƙungiya tamu, su kawo masu aiki da NEC da FIDIC su yi mana bita ko da ta kwana biyu ce. Ina kira ga shugabannin ƙungiya su sa wannan a cikin shirin makon injiniyoyi na bana.

Kwanakin baya na bi ta titin nan a motar haya. An gama shi, an kwashe lakar, an zuba dutse, kwalbati uku ne yanzu a fadamar, daidai abin da Baba foman ya faɗa ranar farko yana durƙushe. An yi asarar damina guda da cikon da ruwa ya tafi da shi kafin a kai ga hakan. Na kira shi a waya na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "To yaro, in ka zama injiniyan ma'aikata, ka riƙa tambayar foman kafin a zuba shayi."

Na ce masa in sha Allahu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, ya sa mu amfani ƙasarmu da abin da muka koya.